Idon doki a bazara da farkon damina: kira ga masu barga

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana da masu dawaki, da kuma yaran barga waɗanda su ne ke kwana su tashi da dokin. Maganar ido ce. Daga lokacin da zafin bazara ya kankama a watan Maris har ruwa ya zauna a Yuli da Agusta, ciwon ido na cikin abubuwan da ke saurin nakasa doki lafiyayye, yana ci yana sha. A 'yan shekarun nan kuma sallolin biyu suna faɗowa ne tsakanin Maris da Yuni, daidai lokacin da ake tara dawaki a Kano da Katsina da Zazzau da Daura da Haɗeja don hawa, ga ƙura, ga rana, ga ƙuda ya fara yawa. Doki mai ido ɗaya yakan rayu, amma yana zabura daga ɓangaren da ba ya gani, ba a sakin jiki da shi a cikin taro ko a filin ƙwallon dawaki, kuma darajarsa ta faɗi ke nan. Abin da ke ƙona mana rai shi ne, sau da yawa ba cutar ce ke kashe idon ba. Jinkirin kwana uku ne, ko kuwa wani magani da aka sa da kyakkyawar niyya.

A fara da yadda ake duba ido. Kowace safiya, kafin a zuba harawa, ɗan barga ya tsaya a gaban dokin daidai tsakiya ya kwatanta idanun biyu. Gashin idon doki lafiyayye a miƙe yake, yana nuna gefe. Idan na ido ɗaya ya sunkuya yana kallon ƙasa, wannan idon yana ciwo, ko da ba a ga hawaye ba tukuna. Wannan ita ce alama ta farko, kuma ita aka fi wucewa ba a lura ba. Daga nan sai a duba ko yana ƙyafta idon fiye da ɗayan, ko yana juya kai daga rana, ko hawaye ya yi layi a kunci, ko akwai gurbin da gashi ya goge saboda yana susa a jikin turke.

Tambaya ta biyu ita ce: ido ɗaya ne ko biyu? Idan duka biyun ne suke hawaye, a buɗe suke, gilashin da ya rufe baƙin idon garau yake, sai dai naman cikin fatar ya yi ja kuma kwantsa tana taruwa a kusurwa, to galibi aikin ƙuda ne da ƙura. Ƙuda yana shan hawaye, yana ɗauko ƙazanta daga toroso da gyambo yana ajiyewa a ido, idon ya ƙara hawaye, ƙuda ya ƙara taruwa. Wannan yakan lafa da wanki da tsafta cikin kwana biyu zuwa uku. Amma idan ido ɗaya ne, dokin ya runtse shi, fatar ta kumbura, ko an hango wani fari-fari ko shuɗi-shuɗi kamar hayaƙi a kan baƙin idon, to a nemi likitan dabbobi a ranar. Ba gobe ba, ba bayan an sauka daga hawa ba.

Dalilin wannan gaggawa yana cikin halittar idon. Idon doki babba ne, ya fito waje a gefen kai, don haka kara ko ƙaya ko bakin bulala ko ƙaiƙayin gero suna saurin samun sa. Gilashin da ya rufe baƙin idon kuwa kaurinsa kusan milimita 1 ne kacal. Idan ya ɗan karce, kuma ba ƙwayar cuta, yakan warke cikin kwana 5 zuwa 7. Idan ƙwayoyin cuta ko fumfuna daga ciyawa suka shiga karcen, sai su sa gilashin ya riƙa narkewa, ya yi laushi kamar kamu, kuma yana iya hudewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙaramin karce ba ya ganuwa da ido kawai, ko da tocila. Likita yana da wata 'yar siririyar takarda mai launin ruwan lemo da ake kira fuloresin. Yakan jiƙa ta ya ɗiga ruwan a idon, ya wanke, sai duk inda ya karce ya fito kore shar. Gwajin bai fi minti biyu ba, kuma a kansa ne dukan maganin ya rataya.

Ya rataya a kansa ne saboda wani rukunin magunguna da ke cike a kemis, waɗanda ake kira sitiroid. Su ne deksametason da betametason da haidirokotison da firednisolon. A dubi bayan kwalin: duk sunan da ya ƙare da haruffan "sone" ko "solone", ɗan gidan ne. Da yawa daga cikin magungunan ɗigawa na ciwon idon mutane an gauraya su da ɗaya daga cikinsu, kuma sunan maganin kashe ƙwayar cuta ne aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaba. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, a rana ta farko idon yakan yi kyau: ja ya ragu, kumburi ya sauka, dokin ya buɗe ido. A ƙarƙashi kuwa maganin ya hana karcen haɗewa, ya karya garkuwar idon, ya buɗe wa fumfuna hanya. Bayan 'yan kwanaki sai a ga idon ya yi fari fat, ko ya fashe. Ba muna cewa maganin ba shi da amfani ba ne. Akwai ciwon da ba ya jin komai sai shi. Amma ba a sa shi sai an ɗiga fuloresin an tabbatar gilashin lafiya lau yake, kuma ana sake gwajin idan maganin zai ɗauki kwanaki. Ragowar maganin bara da ya warkar da wani doki ba hujja ba ce.

Haka nan muna roƙo da babbar murya a daina hura garin sukari ko gishiri ko kanwa ko garin taba a idon doki da sunan cire hakiya, a daina matsa lemon tsami, a daina shafa kananzir ko baƙin mai a kewayen ido don korar ƙuda. Farin da ake gani ba wani abu ba ne da ya kwanta a kan idon da za a kankare. Gilashin ne da kansa ya sha ruwa ko ya yi tabo. Duk abin da aka hura ƙara karce shi yake yi, garin neman gira a rasa ido. Kwalli ma ba na idon da ke ciwo ba ne.

To me mai doki zai yi kafin likita ya iso? Ya mai da dokin inuwa mai duhu-duhu, nesa da juji. Ya wanke hannunsa da sabulu. Ruwan wanki mafi kyau shi ne ruwan gishirin asibiti, irin na leda mai mililita 500 da ake ƙarin ruwa da shi, amma a tabbatar na gishiri ne zalla, ba mai sukari ba. Idan babu, a tafasa ruwa lita 1, a zuba gishiri giram 9, wato ƙaramin cokali ɗaya da rabi a shafe, a bar shi ya huce sarai, kuma a zubar da abin da ya kwana. A ɗebi ruwan da sirinji mai mililita 20, a cire allurar, a jingina hannu a kuncin dokin yadda in ya fizge kai hannun zai bi shi, sannan a tsiyaya a hankali daga gefe. A jiƙa auduga a goge kwantsa daga kusurwar da ke wajen hanci a yi ƙasa da ita, kowane ido da audugarsa. Tsumma ɗaya da ake bi da shi fuskokin dawaki biyar shi ke raba musu ciwo. Idan fatar ta kumbura, a ɗora tsumma mai tsabta da aka tsoma a ruwan sanyi na minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a rana, ba tare da dannawa ba. A ɗaure dokin da igiya biyu, dama da hagu, yadda ba zai kai idon ga turke ko bango ko gwiwarsa ba. Sannan a auna zafin jikinsa ta dubura. Na lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5.

Abu ɗaya kada a yi: idon da doki ya runtse da ƙarfi kada a ɓare shi da yatsa. Naman fatar idon doki ƙarfi gare shi, kuma in gilashin ya riga ya yi siriri, dannawar tana iya ƙarasa shi. Likita yakan yi wa dokin allurar kwantar da hankali, ya kashe jijiyar fatar, sannan ya leƙa har bayan fata ta uku, wato tantanin nan da ke fitowa daga kusurwar ido ta wajen hanci. Nan ne ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa suka fi maƙalewa, kuma muddin suna ciki babu maganin da zai yi aiki.

Idan likita ya rubuta man shafawa na ido, kamar kuloramfenikol ko tetirasaikilin, yadda ake sawa yana da muhimmanci kamar maganin kansa. A ja fatar ƙasa da babban yatsa, a riƙe bututun a kwance, kada bakinsa ya nuna ƙwayar ido, a matsa kamar tsawon santimita 1 a cikin fatar, a saki. Sau uku zuwa huɗu a rana ake so, domin hawaye yana wanke shi. Sau ɗaya da safe ba ya isa, kuma a nan ne jinya da yawa ke lalacewa, musamman idan an bar wa yaro ɗaya dawaki da yawa. Kowane doki da bututunsa. In an kwana biyu ba sauƙi, ko farin ya ƙaru, a sake kiran likita. Don rage zafi yakan ba da fuluniksin, miligiram 1.1 ga kowane kilo na nauyin dokin, ta jijiya ko ta baki. Kada a yi wannan allurar a tsoka, domin tana iya jawo ruɓewar nama mai kisa a wurin da aka soka.

Akwai wani gyambo da ya kamata kowane mai doki ya gane, domin ɗan wannan lokaci ne. Yakan fito a kusurwar ido ta wajen hanci, nama ja mai tasowa, yana tsatsafo ruwa, da ƙaiƙayi mai tsanani, kuma in an duba da kyau za a ga wasu 'yan ƙwayoyi rawaya masu tauri kamar tsabar gero a cikinsa. Yakan lafa da hunturu, ya dawo da zafi. Asalinsa wata tsutsa ce da ake kira habaronima, wadda ke zaune a tumbin doki. 'Ya'yanta suna fita cikin toroso, tsutsar ƙuda ta haɗiye su, su girma tare da ita. Idan ƙudan ya sauka a leɓen doki, sai dokin ya haɗiye su su koma tumbi. Idan kuwa a ido ya sauka, ko a kan wani rauni, ko a al'aurar ingarma, sai su maƙale a naman, ba gaba ba baya, jiki ya yi ta faɗa da su. Waɗannan ƙwayoyi masu tauri suna iya gogar gilashin ido duk ƙyaftawa. Man shafawa kaɗai ba ya warkar da shi. Ana ba da aibamektin ta baki, miligiram 0.2 ga kowane kilo, likita ya kankare ƙwayoyin, ya maimaita maganin bayan 'yan makonni idan da bukata, kuma a nan ne sitiroid ke da amfani, bayan gwajin fuloresin. A ba dukan dawakin bargar maganin tsutsar, har da jakunan da ke kusa, in ba haka ba ƙuda zai sake ɗaukowa. A nemi irin na dawaki mai kama da man goge baki, wanda aka yi wa bututunsa alamar nauyi. Aibamektin na allurar shanu ba a soka wa doki shi.

Da yake ba kowa ke da sikeli ba, ga yadda ake ƙiyasta nauyi. A auna kewayen ƙirji da tef, daga bayan ƙafafun gaba a zagayo ta inda wuya ya haɗu da baya. A auna tsawo daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu. A ninka kewayen da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,880. Dokin da kewayensa santimita 150 ne, tsawonsa 140, zai kama kilo 265. Dawakinmu na gida ba su kai na Ajantina da ake shigowa da su don ƙwallo nauyi ba, saboda haka awon wancan ba na wannan ba ne.

Ba kowane kumburin ido ba ne daga ido yake, shi ya sa muka ce a auna zafin jiki. Idan ramin nan da ke saman idon doki ya cike ya taso, idanun biyu sun kumbura, zafi ya kai digiri 40 ko ya wuce, to a ji tsoron cutar dawaki ta Afirka. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da ba su kai sauro girma ba ne ke yaɗa ta, suna cizo daga magariba zuwa wayewar gari, kuma sun fi yawa idan ruwa ya zauna. Nau'inta mai kama huhu ba kasafai doki ke tsira daga gare shi ba. Wannan ba ta ɓoyewa ba ce: a sanar da ofishin likitan dabbobi na jiha, a daina fita da dawakin bargar, a riƙa shigar da su ɗaki kafin faɗuwar rana. Akan kai jini Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato don tabbatarwa. Idan kuma naman cikin ido ya koma rawaya kamar na mai shawara, ko ya ɗashe, da ɗigo-ɗigon jini a fata ta uku, ga zazzaɓi, to a nemi kaska a jikin dokin, cutar jini ce. Fata ta uku da ke rufo rabin ido duk lokacin da aka ɗaga haɓar doki ko aka firgita shi, ga jiki a sandare, alamar cutar sarƙewar haƙora ce. Masu yanke wannan tantani da reza suna zaton shi ne ciwon, su daina.

Wani ciwon kuma daga cikin idon yake tasowa. Dokin yana gudun haske, idon ya yi hazo, ƙofar da ke tsakiyar baƙin idon ta tsuke ko a cikin duhu, kuma fuloresin bai nuna karce ba. Yakan tafi ya dawo bayan makonni ko watanni, kowace dawowa tana rage gani, har ta kai ga makanta. Likita yakan ɗiga atirofin don buɗe ƙofar da rage raɗaɗi. A sani cewa ƙofar tana iya zama a buɗe har mako biyu ko fiye, don haka dokin ba shi ba rana a wannan tsakani. Atirofin kuma yana rage motsin hanji, sai a riƙa lura da cinsa da yawan torosonsa, in ya ragu a tsayar a kira likita kafin ciki ya ƙulle.

Fatar ido da ta yage a ƙusa ko waya, kada a yanke abin da ke reto. Jini yana gudana sosai a wurin, in an ɗinke da wuri yakan kama, kuma idon da ya rasa gefen fatarsa zai yi ta bushewa har abada. A haɗa da allurar rigakafin sarƙewar haƙora. Hawayen da ke zuba ba ja ba ciwo, sau da yawa hanyar hawaye ce ta toshe da ƙura. Tana sauka ne ta cikin hanci, kuma ta nan likita ke wanke ta. Dawaki masu farar fata a kewayen ido, kamar wasu ɗanda da gunya, rana ta fi cutar da su, kuma duk wani tsiro ko gyambo da ya ƙi warkewa a fatar idonsu a gwada shi, domin yana iya zama ciwon daji.

Sai batun ƙuda, wanda a gaskiya daga cikin gida yake fitowa. A zafin bazara ƙwan ƙuda yakan zama ƙuda mai tashi cikin kwana 7 zuwa 10, kuma ba inda ya fi so kamar toroso mai danshi da jiƙaƙƙiyar dusa da ragowar harawa a gindin turke. A kwashe toroso safe da yamma. Tara shi a bayan katangar barga ba kwashewa ba ce. Ko dai a kai shi gona a baje shi siriri rana ta busar, ko a tara wuri guda nesa a rufe da baƙar leda zafi ya kashe tsutsar. A gyara inda ruwan sha da fitsari ke kwanciya. A bar wa doki gashin goshinsa da jelarsa, da su yake kore ƙuda, aske su don ado zalunci ne a wannan lokaci. Abin rufe fuska na raga yana taimakawa ƙwarai, in dai ragar ta tashi daga ido ba ta taɓa gashinsa, kuma ana cire shi kullum a wanke a duba abin da ke ƙarƙashi. Wanda ya bar shi mako guda bai ɗaga ba, yana iya samun ido ya riga ya lalace. In babu shi, geza ta zare ko ta fata da aka ɗaura a ragama tana lilo a goshi ta fi babu. Maganin ƙwari irin su famesirin da saifamesirin, wanda aka yi don dabbobi kuma aka sirka yadda takardarsa ta ce, a zuba a tsumma a shafa, a bar tazarar yatsa uku daga ido, kada a fesa a fuska. Amitaraz da ake wanke shanu da shi don kaska guba ne ga doki, yana tsayar da hanji. Fiya-fiya kuwa kada ta kusanci jikin dabba.

A zuba harawa da ingirici a ƙasa ko a kwami mara tsawo, a ɗan yayyafa ruwa in sun yi ƙura, domin abin da aka rataya sama da kai garinsa a ido yake sauka. Dokin da za a ɗauka a buɗaɗɗiyar mota zuwa wani gari a rufe masa fuska da raga. Ranar hawa a duba kayan adon fuska, kada wani ƙarfe ko bakin geza ya riƙa dukan ido, kuma da an sauke sirdi a wanke idanun biyu da ruwan gishirin nan kafin a kai ga wankan jiki.

Muna kira ga fadodin sarakunanmu da hakimai da masu ƙungiyoyin ƙwallon dawaki da na sukuwa, su sa likita ya zagaya barga mako biyu kafin salla, ya ba da maganin tsutsa, ya duba idanu ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatun da ke kula da dabbobi a jihohi su tabbatar kowane asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma yana da takardar fuloresin, don ba ta da tsada kuma ba ta bukatar firji. Idon da ya fi ƙarfin asibitin kusa, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Mai zuwa ya taho da kwalin duk maganin da aka riga aka sa wa idon, ya kuma faɗi ranar da aka fara sawa.

Wassalam.

Daga wasu likitocin dabbobi masu duba dawaki,
Zariya, Jihar Kaduna.